Ido da Natsuwa: Gasar Harbi a Olamfik da Rabon Jigawa a Cikinta

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

 Yau za mu leƙa wani wasa da ba kasafai ake jin labarinsa a majalisun Dutse ba, duk da cewa ana cin zinare da shi a duniya tun fiye da shekara 120. Wasan shi ne gasar harbi, inda ake auna allo da bindiga, a ga wanda ya fi kowa saiti. Ku gyara zama.

(KIƊA)

Da yawa daga cikinku sun ga hoton nan da ya zaga wayoyi a shekarar 2024: wani magidanci mai furfura, sanye da tabarau irin na kowa, hannu ɗaya a aljihu, ɗaya riƙe da ƙaramar bindiga. Sunansa Yusuf Dikeç, ɗan ƙasar Turkiyya, yana da shekara 51 a lokacin. Shi da abokiyar wasansa suka ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Paris, lambar farko da ƙasarsu ta taɓa samu a harbi. Mutane sun yi ta mamakin yadda ya tsaya kamar ba gasa ake ba. Amma tun 2008 yake zuwa Olamfik, sai a zuwa na biyar ya dace. Natsuwar da aka gani a fuskarsa, shekaru ne na horo suka haife ta.

Harbi na cikin wasannin da aka buɗe Olamfik ta zamani da su a birnin Atens na Girka a 1896, kuma sau biyu kaɗai aka yi gasar babu shi, a 1904 da 1928. Hukumar da ke kula da shi a duniya an kafa ta a 1907, hedikwatarta tana Munik a Jamus. A Paris, lambar zinare 15 aka raba a fannin harbi kaɗai.

To yaya ake yin sa? Mu ɗauki bindigar iska, wadda ba ta amfani da albarushi. Mai harbi yana tsaye, allo yana nesa da shi mita 10. Ɗigon da ke tsakiyar allon faɗinsa rabin milimita ne, bai kai ƙwayar gero ba. Harbi 60 zai yi cikin awa ɗaya da kwata, bindigar da nauyinta kan kai kilo 5 tana hannunsa, babu abin jingina. Harbi mafi kyau maki 10.9 ne, jimla 654 ke nan, kuma manyan gwanaye sukan kai wajen 630. Mutum takwas ne ke shiga zagayen ƙarshe, a riƙa sallamarsu ɗaya bayan ɗaya har a bar zakara.

A irin wannan wuri, numfashi ma abokin hamayya ne. Bugun zuciya kaɗai yana iya karkatar da bakin bindiga, shi ya sa mai harbi yake koyon tsai da numfashi da taɓa kunama a hankali. Kai, har an haramta shan maganin da ke rage bugun zuciya. A gasar Beijin ta 2008 an ƙwace lambobi biyu daga hannun wani ɗan Koriya ta Arewa saboda an sami irin wannan magani a jikinsa. Akwai kuma wani fanni da ake yi a fili, inda inji ke cilla faifan yumɓu sama, mai harbi ya farfasa shi kafin ya faɗi. Duk wanda ya taɓa ganin maharbi ya kaɗo zabuwar daji tana tashi, ya san wannan aikin.

(KIƊA)

Masu sauraro, bari mu dawo gida. Tarihin da dattawan Garu a Dutse ke bayarwa ya nuna cewa wani maharbi ne, Duna Magu, ya fara zama a tsakanin duwatsun nan saboda yawan namun dajin da ya tarar. Har gobe akwai maharba a ƙauyukan Kiyawa da Birnin Kudu da Gwaram da Buji, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni. Ranar hawan salla, 'yan bindigar sarki ne ke cika gari da ƙarar bindigar toka a gaban Mai Martaba. Yaran da ke tsaron gona da danƙo a hannu kuwa, wasunsu ba sa kuskuren tsuntsu daga nesa. Ido yana nan, hannu yana nan. Abin da babu shi ne fagen da za a gwada su, da malamin da zai gyara su.

Najeriya ta fara zuwa Olamfik a 1952. Ta ci lambobi a dambe da guje-guje da tsalle-tsalle da ƙwallon ƙafa da ɗaga nauyi da kokawa da taikwando, amma ko tagulla ba ta taɓa samu a harbi ba. A Paris ma hannu rabbana 'yan wasanmu suka dawo. Ku dubi Indiya. Abhinav Bindra ya ci mata zinare a bindigar iska a 2008, zinaren farko da ɗan ƙasar ya ci shi kaɗai ba a ƙungiya ba. Bayan shekara 16, Manu Bhaker, yarinya mai shekara 22 daga wani ƙauye a Haryana, jihar manoma kamar tamu, ta ci tagulla biyu a gasa ɗaya. Gwatamala kuwa zinarenta na farko a tarihi daga harbi ya fito a 2024, ta hannun Adriana Ruano. Wasan ba ya neman tsawo ko faɗin ƙirji, kuma ba ya korar mai shekaru: Oscar Swahn na Suwidin yana da shekara 72 ya ci azurfa a 1920.

Na san abin da wasu iyaye ke faɗa a ransu yanzu: a wannan zamani na 'yan fashin daji da masu garkuwa da mutane, wa zai miƙa wa yaro bindiga? Wannan fargaba tana kan hanya, kuma dole a girmama ta. Dokar makamai ta ƙasar nan ma ta sa hatta bindigar iska cikin waɗanda sai da lasisin 'yan sanda. Amma ku sani, a ɗakin horo darasin farko shi ne ladabi: ba a nuna mutum da bindiga ko da babu komai a cikinta, ba a ɗura ta sai da umarni, ba a fita da ita waje. Bugu da ƙari, akwai bindigar da haske kawai take fitarwa, babu harsashi, kuma tun a gasar Landan ta 2012 ake amfani da ita a ɗaya daga cikin wasannin Olamfik. Da irinta za a iya fara koya wa ɗalibai ba tare da wani haɗari ba.

Dutse ba baƙuwar sabon wasa ba ce. Marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya kafa filin golf a garin nan lokacin da mutane da yawa ba su san wasan ba. Ɗakin harbi na mita 10 kuwa bai wuce girman babban aji ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, tana iya ba da wuri, rundunar 'yan sanda ta riƙe mabuɗi da rajista, masarauta kuma ta taimaka wajen zaƙulo 'ya'yan maharba, maza da mata.

Kiranmu ga hukumar wasanni ta Jihar Jigawa da masu hannu da shuni shi ne a fara tun yanzu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye kuma, idan dama ta zo, ku bar yaranku su gwada. A nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Allah ya ba mu zaman lafiya, ku huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)