Daga taru zuwa garwashi: Yadda masunta ke dafa kifi a tungayen Warra

Masuncin da ya tashi daga Warra da la'asar ya nufi wata tunga a gaɓar tafkin Kainji yakan yi kwanaki bai ga gida ba. Guzurinsa bai wuce gari da gishiri da barkono da ɗan man gyaɗa da tukunya guda ba. Sauran abincinsa yana cikin ruwa.

Tafkin ya samu ne bayan an kammala madatsar Kainji a kan kogin Neja a 1968, ruwa ya mamaye wajen murabba'in kilomita 1,300, aka tashi mutane kimanin dubu 44 daga gidajensu. Warra, hedikwatar ƙaramar hukumar Ngaski a masarautar Yauri, tana cikin garuruwan da ke bakin wannan ruwa, inda Sarkawa da Gungawa da sauran masunta ke neman abinci.

Ɗan birnin da ya ɗanɗana kifin tunga yakan ɗauka akwai wani haɗi na asiri. Babu. Bambancin duka yana cikin sa'o'in da ke tsakanin mutuwar kifi da hawansa kan wuta. Cikin zafin wannan yanki, kifin da ba a sa wa ƙanƙara ba yakan fara lalacewa tun yini bai ƙare ba, kuma ruɓar daga ciki take farawa. Tarun da ya kwana a ruwa ya fi kawo wannan matsala: kifin da ya maƙale tun magariba ya mutu, kafin asuba jikinsa ya saki. Saboda haka masunci yakan ware wanda ya fito yana motsi don tukunyarsa. Inda sauran ke tafiya kuwa, mai saye ne ya kamata ya tambaya.

Ana fara gyara nan take. A kankare ɓawon karfasa, a tsaga cikinta, a fitar da kayan ciki da jan naman da ke ƙarƙashin kumatu, wanda kifi ke numfashi da shi. Nan ake gane gwani, domin idan maɗaciya ta fashe, ɗacinta ya shiga tsoka ke nan, wanki ba ya fitar da shi duka. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, sai yauƙi, wanda ake cirewa da toka ko ruwan zafi. Kurungu kuwa sai an karya ƙayoyinsa tukuna, don sukarsu tana da raɗaɗi ƙwarai.

Gashi yana bukatar haƙuri. Harshen wuta yana ƙona fata ya bar ciki ɗanye, don haka ake jira itace ya zama garwashi. Sai a tsattsaga gefen kifin da wuƙa, a shafa gishiri da barkono, a soke shi a ɗanyen tsinke a jingina. Ya nuna idan tsokarsa ta yi fari har ciki, tana rabuwa da ƙaya ba da wahala ba. Masana tsaftar abinci sun ƙiyasta wannan da zafin digiri 63 na ma'aunin Salshiyas. Manyan irinsu giwan ruwa sun fi dacewa da farfesu, kuma sai romo ya tafasa ake zuba yankan kifi, ba a juyawa da ludayi don kada ya dagargaje.

Akwai haɗari guda wanda ba a cikin kifin yake ba. Tsargiya ba ta kama mutum ta cin kifi, ta fata take shiga lokacin da aka tsaya a ruwan gaɓa mai ciyayi, inda ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar cutar suke. A irin wannan ruwa ne ake tsayawa wankin kifi. Ɗebo ruwa a fito tudu yana rage haɗarin, na sha kuma a tafasa shi.

Abin da ba a ci ba sai banda, ita ce ke kai kifin tafkin kasuwar Yauri da manyan birane. Amma hayaƙi ba ya gyara kifin da ya riga ya ruɓe, ɓoye warinsa kawai yake yi. Shi ya sa tsofaffin 'yan kasuwa ke karya guda ɗaya su duba kusa da ƙashin baya kafin su yi cinikin kwando.