Akori-kura a Hanyar Kurfi da Dutsin-Ma: A Duba Ƙarƙashinta Kafin Sunanta

Wanda ya saba bin hanyar da ta taso daga Katsina ta ratsa Kurfi ta shiga Dutsin-Ma ya san akori-kura iri biyu ce ke kai da kawowa a kanta. Akwai ta hukuma, wato Hilux ɗin ma'aikatu da jami'an tsaro, mai wucewa da gudu bayanta kusan wayam. Akwai kuma ta talaka, tsohuwar Fijo ko Nissan ko Mitsubishi, wadda ta fito daga Birchi ko Wurma ko ƙauyukan bakin madatsar Zobe, an labta mata buhunan gero da masara da kwandunan tumatir, ga mutane a saman kaya. A tasha da gareji musu ba ya ƙarewa kan wadda ta fi ƙarko, kuma galibi a kan sunan kamfani ake yinsa. Amma abin da ke raba gardama yana ƙarƙashin motar, a ƙarafan da ke tsakanin taya da gangar jiki.

Dattawan direbobi da Fijo suka buɗe ido. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma akori-kura ƙirar 404 da 504 suka zama motocin kasuwannin ƙauye a duk faɗin Arewa. Kayan gyaranta na ko'ina, kowane bakanike ya iya ta. Da aka daina haɗa 504 a tsakiyar shekarun 2000, sai fili ya koma hannun motocin Japan. Toyota ta fito da Hilux tun 1968, kuma sunanta ya ƙara tashi a yankinmu a 1987, lokacin da sojojin Cadi suka yi amfani da akori-kurar Toyota suka fatattaki dakarun Libiya masu tankoki a cikin sahara. Mitsubishi L200, Nissan, Isuzu D-Max da Ford Ranger duk suna nan, ga na Sin masu sauƙin kuɗi, ga na Innoson da ake haɗawa a Nnewi. Abin da ya sa Hilux ta sha gabansu a nan bai tsaya ga ƙarfe ba. Gwamnatoci ita suke saye, idan ta tsufa a yi gwanjonta ta faɗo hannun 'yan kasuwa, kayan gyaranta su cika shaguna, yaran gareji su koyi aiki a kanta. Mai ita ya san ko ya tashi sayarwa ba zai rasa mai saye ba.

In ka durƙusa ka leƙa bayan kusan dukkansu, abu ɗaya za ka gani: sifirin mai falle-falle. Ƙarafa ne masu lanƙwasa kamar baka, an jera su wani kan wani, mafi tsawo a sama, gajeru a ƙasa. Ƙusa ɗaya ta ɗaure su a tsakiya, wasu ƙarafa biyu masu lanƙwasa suka ɗaure su a jikin aksil. Fallen sama shi ne uwa, bakunansa biyu ne ke maƙale da gangar mota. Idan aka ɗora kaya, fallayen sukan miƙe a hankali, can kuma na ƙasa masu kauri su fara karɓar nauyin. Wannan tsari ya daɗe saboda yana aiki biyu a lokaci guda: yana ɗaukar nauyi, yana kuma riƙe aksil a mazauninsa. Ba shi da tsada, kuma in falle ɗaya ya karye ana iya lallaɓawa zuwa gari. Aibinsa shi ne tauri. Hilux ɗin da ba kaya a bayanta, in ta hau gargada, tsalle take yi har ƙashin bayan fasinja ya gaya masa.

Don maganin wannan tsalle ne wasu kamfanoni suka koma ga sifirin mai naɗi. A Amurka, inda mutane da yawa ke hawan akori-kura don zuwa ofis, Ram 1500 ta sa shi a baya tun ƙirar 2009. Nissan ma ta bi sahu a Navara ta 2014 mai ƙofa huɗu. Tafiyar ta yi laushi, amma masu ɗaukar kaya a Ostireliya suka yi ta kukan cewa bayanta na zaunawa in an loda ta, har kamfanin ya sake mata sifirin mai ƙarin ƙarfi a 2018. Darasin a fili yake: motar da aka ƙera don jin daɗin zama daban, wadda aka ƙera don buhu daban.

A gaba ma akwai bambanci. Tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu aksil ɗaya ne miƙaƙƙe ya haɗa tayoyinsu na gaba, kuma har yau haka Land Cruiser 79 take, wadda sojoji ke shiga daji da ita. Irin wannan yana jure duka, sassansa kaɗan ne. Hilux ta zamani da takwarorinta kuwa kowace tayar gaba da nata hannuwa da nata sifirin, tana hawa da sauka ba tare da ta girgiza 'yar'uwarta ba. A kan kwalta sitiyarinta ya fi biyayya, amma bushin da mahaɗanta sun fi yawa, kuma burji da ramukan damina su suke fara ci. Mai zirga-zirga tsakanin Katsina da jami'ar tarayya ta Dutsin-Ma zai ji daɗinta. Mai shiga lungunan gona kullum sai ya ware kuɗin bushin.

Sai shokozoba, wadda direbobi suka fi rainawa. Ba ta ɗaukar kaya. Aikinta kashe rawar sifirin ne: mai ne a cikinta, ana tilasta masa bi ta ƙananan ƙofofi, sai ƙarfin girgizar ya zama zafi ya baje. Idan ta mutu, tayar kan riƙa barin ƙasa tana dawowa, kuma tayar da ke sama burki ba ya kama ta.

Babbar matsalarmu dai ita ce obalodi. Yawancin waɗannan motoci kimanin tan ɗaya aka ƙera su su ɗauka, kuma a cikin lissafin har da direba da fasinja. Tan ɗaya buhu goma ne na masara mai kilo 100. Ranar kasuwa kuwa za ka ga an jera buhu ya wuce bakin bodi, an ja igiya, an ɗora awaki da mutane, fallayen sifirin sun miƙe sambal har aksil na dukan gangar mota. Dabarar da aka saba ita ce a je gareji a ce, "Malam, a ƙara mini falle biyu." Bayan motar zai ɗaga, ido ya ga kamar ta ƙara ƙarfi. Amma burkin bai ƙaru ba, tayar ba ta ƙaru ba, aksil da gangar suna nan yadda aka ƙera su. Nauyin da ya taru a baya yana sa gaba ya yi sakayau, sitiyari ya daina kama hanya sosai, kayan da aka tula sama kuma su rinjayi motar a kwana. Walda a kan fallen da ya karye ma haɗari ce, domin wutar tana kashe ƙarfin da aka dafa ƙarfen da shi, kuma kusa da wurin zai sake ɓallewa.

Ba a rasa dalilin direba ba. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, sahu ɗaya da lodin ƙa'ida da ƙyar yake fitar da kuɗin mai da na mai mota. Sai dai garin neman ƙiba ake samo rama: abin da aka tara a lodi biyar, taya ɗaya da ta fashe ko aksil da ya karye yana cinye shi, balle a yi maganar rai.

Don haka mai niyyar sayen akori-kura, musamman ta hannu, ya fara tambayar kansa hanyar da zai bi da kayan da zai ɗauka. Sannan ya tafi da bakaniken da ya yarda da shi su shiga ƙarƙashinta. Su duba ko fallayen na da sauran lanƙwasa, ko akwai tabon walda, ko gangar ta tsage kusa da inda sifirin ya maƙale, ko shokozoba na zubar da mai, ko tayoyi sun ci ta gefe ɗaya. Su kuma tambaya ko ana samun kayan gyaranta a Katsina, ko sai an aika Kano ko Legas.

Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Dutsin-Ma da Kurfi su ne suke ganin lodi kafin mota ta ɗaga, tun kafin jami'an kiyaye haɗurra su gan ta a hanya. Idan suka tsayar da iyakar buhu ga kowace irin mota, suka daidaita kuɗin dako yadda direba ba zai faɗi ba, suka hana ɗora mutane a saman kaya, za su ceci rayuka da dukiyar 'yan'uwansu fiye da yadda canza sunan mota zai yi.