Kafin Ki Ƙaurace Wa Tuwo, Yi Wannan Lissafin

 Da zarar biki ya matso, sai ki ga budurwa ta tashi haiƙan wai sai ta rage tumbi kafin ranar kamu. Ta yi tsalle-tsalle na kwana uku, ta hau sikeli, ta ga shiru. Daga nan sai ta daina cin abinci, ko ta koma shan ƙwayoyin rage ƙiba. Haba 'yar uwa! Tsaya mu yi lissafi tukuna.

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, da shi kuma ake auna abin da jiki ya ƙona. Masana sun ba kowane aiki lamba gwargwadon wahalarsa. Zama kawai lambarsa 1, shara kusan 3, tafiya da sauri kusan 4, tsallen igiya kuwa ya kai 10. Ki ɗauki lambar aikin, ki ninka ta da nauyinki na kilo, sannan ki ninka da awannin da kika yi.

Misali, mai kilo 60 ta yi tafiya da sauri ta rabin awa. 4 sau 60 ya ba da 240, rabinsa 120. Wato abin da ke cikin babban cokali ɗaya na man gyaɗa ke nan! Idan tsallen igiya ta yi na minti 15, ta ƙona 150, kusan kwalbar Coca-Cola guda. Alhali kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Kin ga kuwa ba aikin kwana uku ba ne.

Wannan ƙiyasi ne, domin jiki ya bambanta. Kuma yawan gumi ba ya nuna an ƙona kitse, ruwa ne ya fita, da kin sha zai dawo.

Yunwa kuwa ba abin da za ta jawo miki sai jiri a aji, rikicewar al'ada da dusashewar fata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na minti 60 kullum ga 'yan shekara 5 zuwa 17, manya kuma aƙalla minti 150 a mako.

Don haka ki ci tuwonki, ki rage mai da lemon kwalba, ki riƙa takawa kullum. Sannu ba ta hana zuwa, ƙawata.