Gonar Wa Ce?

Tambayi manomin albasa a Aliero, ko mai shinkafa a fadamar Jega, gonar wa yake nomawa, zai ce tasa ce, gadon kaka da kakanni. Doka ba ta yarda ba. Tun 1978, zamanin mulkin soja na Janar Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna da sunan amana. Abin da ya rage wa mutum shi ne izinin zama da amfani, kuma sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izinin idan ya ce jama'a na bukatar wurin. Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen diyya: ana ƙiyasta shuka da gini da rijiya, ita kuwa ƙasar ba a biyan kuɗinta. Fadamar da ta ciyar da zuriya shekara da shekaru sai a auna ta da amfanin kaka ɗaya.

Turawan mulkin mallaka ne suka dasa wannan tunani da dokarsu ta 1910, ya sake tsirowa a dokar Jihar Arewa ta 1962. Kafin zuwansu, fiƙihun da malaman ƙasar Gwandu suka karantar, har Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kansa, ya san haƙƙin wanda ya raya matacciyar ƙasa da guminsa.

Za a ce, to a ina za a shimfiɗa titin da ya ratsa Aliero da Jega da Maiyama zuwa Yawuri, ko a gina jami'ar da aka kafa a Aliero a 2006? Tambayar tana da nauyi, kuma babu mai hankalin da zai ƙi titi ko makaranta. Amma abin da kowa zai amfana da shi, daga baitulmali ya kamata kuɗinsa ya fito, a biya mai gona cikakken farashi, kada nauyin ya faɗa kan 'yan tsirarun da aikin ya biyo ta gonakinsu. Wasu kuma na cewa dokar tana kare talaka daga attajirai masu haɗiye filaye. Ban gamsu ba. Idan makomar fili ta rataya a kan sa hannun mutum ɗaya a Birnin Kebbi, wa zai riga isa ƙofarsa, mai hannu da shuni ko manomin ƙauyen Maiyama? Shi manomin ko rance ya nema, banki takardar shaidar mallaka zai tambaya, wadda yawancin masu gonar gado ba su da ita.

Gyaran ba mai sauƙi ba ne, domin sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya killace dokar. Sai majalisar tarayya da kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi sun amince kafin a taɓa ta. Majalisar Kebbi na cikinsu, kuma wakilan Jega da Aliero da Maiyama da ƙuri'ar manoma suka shiga zauren.