Ɗalibin Kasuwanci Da Ilmin Gina Manhaja Bisa Abubuwa

A farkon watan Fabrairu na shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta ɗaga harajin kayayyaki da ake kira VAT daga kashi 5 cikin ɗari zuwa kashi 7.5. A takardar doka magana ce 'yar kaɗan, amma duk kamfanin da ke yin lissafinsa da kwamfuta sai da ya gyara manhajarsa, wato jerin umarnin da injin ke bi. To, a irin wannan rana akan san na ƙwarai. Wanda ya ajiye adadin harajin a wuri guda, gyara ɗaya ya ishe shi. Wanda kuwa ya warwatsa shi ko'ina cikin rubutunsa, sai ya bi layi-layi yana nema, in ya tsallake ɗaya rasit ya fita da kuskure, ko mai saye ya ƙwaru, ko kamfani ya yi asara.

Maganin irin wannan wahala yana cikin wani salon rubuta manhaja wanda za mu kira gini bisa abubuwa. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Norway, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, su suka aza harsashinsa a birnin Oslo da harshen kwamfuta mai suna Simula 67. Daga nan Alan Kay da abokan aikinsa a kamfanin Xerox na Amurka suka fito da Smalltalk cikin shekarun 1970, Bjarne Stroustrup ya kawo C++ a shekarun 1980, sa'an nan kamfanin Sun Microsystems ya fitar da Java a 1995. Har COBOL, tsohon harshen lissafin kasuwanci wanda aka tsara tun 1959, an shigar masa da wannan salo a 2002.

Mene ne manufarsa? Mu ɗauki ajiyar banki. Kowace ajiya tana da lamba, da sunan mai ita, da abin da ya rage a ciki. Tana kuma da ayyukanta: zuba kuɗi, cire kuɗi, duba saura. A wannan salo akan haɗa bayanan da ayyukan a ƙulle su wuri guda, su zama abu ɗaya. Mai rubutu zai tsara samfuri sau ɗaya tak, kamar yadda magini kan yi da abin buga bulo, daga nan a yi ta fitar da ajiya dubu bisa dubu, kowace da nata lissafi.

Babban amfanin farko shi ne tsaro. Kamar yadda mai ajiya ba ya zura hannu ya gyara littafin banki da kansa, sai ya bi ta wurin ma'aji, haka nan ba wani sashe na manhaja da zai taɓa kuɗin da ke ciki sai ta ƙofar da aka tanada. A bakin wannan ƙofa ake kafa sharaɗi, misali kada a cire fiye da abin da ke akwai. Amfani na biyu shi ne gado. Ajiyar tanadi da ajiyar 'yan kasuwa duk ajiya ne, saboda haka kowace za ta gaji halayen samfurin asali, sa'an nan a ƙara mata abin da ya keɓanta da ita, ba sai an sake rubutu daga farko ba.

Wani ɗalibi zai ce, ni da zan zama akawu ko manaja, ina ruwana da wannan? Amsa ita ce kasuwanci kansa da abubuwa aka gina shi: mai saye, haja, rasit, bashi, albashi, kowanne da dokarsa. Shi ɗalibin kasuwanci shi ya san waɗannan dokoki, mai rubuta manhaja kuwa sau da yawa bai san su ba. Idan ɗalibin ya iya zana su a matsayin samfura, ya nuna wane ke riƙe da wane bayani, wane kuma ke da izinin canza shi, to ya zama tafinta tsakanin ofis da injin. Banda haka, manhajar da zai tarar a wurin aiki galibi wasu ne suka rubuta ta tun da daɗewa, aikinsa shi ne ya karanta, ya gane, ya gyara ba tare da ya rushe ginin ba.

Ba mu ce wannan salo maganin kowace cuta ba ne. Ƙaramin lissafi ba ya bukatarsa, kuma wanda ya cika jera gado bisa gado yakan ɗaure kansa da kansa. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Shawararmu ga ɗalibai ita ce su ɗauki Java ko Python, su tsara lissafin wani ɗan kanti da hajarsa da masu cin bashinsa, sa'an nan su canza adadin haraji su ga wurare nawa za su taɓa. In wuri ɗaya ne, to karatu ya fara zama. Allah ya ba da sa'a.