Ƙwayoyin Hanji Da Ciwon Damuwa

A Hausa in mutum ya ji daɗi mukan ce yana farin ciki, in ransa ya ɓaci mu ce yana baƙin ciki. Kakanninmu ba su taɓa leƙa madubin likita ba, amma ga shi yau masana suna bin sawun maganarsu.

A cikin hanjin kowannenmu akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, wato bakteriya. A 2016 an ƙiyasta cewa babban mutum yana ɗauke da wajen tiriliyan 38, galibinsu a babban hanji. Yawancinsu ba masu cuta ba ne. Su ne ke narkar da abin da ya gagari cikinmu, kamar dusar hatsi da ɓawon wake, suna kuma fitar da sinadarai masu shiga jini. Ban da wannan, akwai doguwar jijiya mai suna bagus wadda ke kai saƙo daga hanji zuwa ƙwaƙwalwa.

To, ina ruwan wannan da ciwon damuwa, ciwon nan da kan hana mutum barci da cin abinci, ya sa duniya ta fita ransa? A 2016 masana a birnin Kok na ƙasar Ailan suka ɗebi ƙwayoyin hanjin masu wannan ciwo suka sa wa ɓeraye. Sai ɓerayen suka zama masu fargaba, har ruwan sukari da suke so ya rage burge su. A 2019 kuma, a Beljiyam, aka binciki mutum fiye da 1,000, aka tarar iri biyu na bakteriya sun yi ƙaranci a hanjin masu damuwa.

Amma kada mu yi saurin yanke hukunci. Ɓera ba mutum ba ne. Kuma wanda damuwa ta kama yakan sake yadda yake cin abinci, wannan kaɗai ya isa ya sauya ƙwayoyin hanjinsa. Saboda haka duk wanda ya zo da kwalba yana cewa maganinsa na gyaran hanji zai warkar da damuwa, kuɗinmu yake nema.

Abin da ke hannunmu ba mai tsada ba ne: wake, gero, dawa, zogale, kuɓewa, da kindirmo mai tsabta. Ɗalibai masu raina waken makaranta, sai ku sake tunani! Mu kuma bar halin nan na sayen kafso a kemis ba tare da takardar likita ba, domin yana kashe ƙwayoyi masu amfani tare da miyagun.

Ciwon damuwa ba lalaci ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba. In ɗalibi ya yi mako biyu cikin wannan hali, mu yi masa addu'a, mu kuma sanar da malamin gida ko nas, a kai shi wurin likita.