Jibuti: Matattarar Wayoyin Ƙarƙashin Teku, Amma Intanet Na Tsada A Gida

Ƙasar Jibuti, wadda ta sami mulkin kai daga Faransa a 1977, ba ta da man fetur, ba ta da ƙasar noma ta a-zo-a-gani, kuma jama'arta sun ɗan haura miliyan ɗaya ne kawai. Jarinta shi ne mazauninta a bakin mashigin Babul Mandab, inda Bahar Maliya ta haɗu da Tekun Adan. Ta nan jiragen ruwa ke bi tsakanin Turai da Asiya, ta nan kuma ake shimfiɗa wayoyin ƙarƙashin teku masu ɗauke da saƙonnin tarho da na intanet.

Wayar SEACOM ta fara aiki a 2009, EASSy a 2010, EIG a 2011, sannan AAE-1 a 2017, kuma dukkansu sun ratso ta Jibuti. A 2021 aka kammala DARE1 wadda ta haɗa ƙasar da Bosaso da Mogadishu da Mombasa. Wayar 2Africa ma, wadda ke kewaye nahiyar har ta sauka a Legas, tana da zango a can. Kamfanin gwamnati, Djibouti Telecom, wanda aka kafa a 1999, shi ke riƙe da tashoshin da wayoyin ke sauka, yana kuma sayar da hanyar ga kamfanonin ƙetare.

Babbar abokiyar cinikin ita ce Habasha. Tun da Iritiriya ta ɓalle a 1993 Habasha ta rasa gaɓar teku, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na kayayyakin da take shigowa da su ta tashar jiragen ruwan Jibuti suke bi. Yadda kwantena ke bin wannan hanya, haka saƙonnin intanet na mutane sama da miliyan 120 ke neman mafita zuwa teku, kuma Jibuti na cikin manyan ƙofofinsu.

Sai dai kuma ɗan kasuwar da ke da shago a birnin Jibuti bai ci moriyar wannan arziki yadda ya kamata ba. Har zuwa 2024 Djibouti Telecom ne kaɗai ke da layin wayar salula a ƙasar, alhali wasu daga cikin maƙwabtanta sun buɗe ƙofa. Ita kanta Habasha, da ta daɗe da kamfani ɗaya tilo, ta ba Safaricom lasisi a 2021, ya kuma fara aiki a Oktoban 2022. Bankin Duniya ya sha nuni da cewa rashin gasa ne ke sa kuɗin intanet ya yi wa talakan Jibuti nauyi. Ga kuma tsadar wutar lantarki, wadda ke ƙara wa kowane turken sadarwa ɗawainiya, musamman a yankunan Tajura da Obok masu nisa da babban birni.

A watan Yulin 2021 gwamnatin Shugaba Isma'il Umar Gelle ta bayyana niyyar sayar da hannun jari da zai kai kashi 40 cikin ɗari na kamfanin ga wani abokin hulɗa. Masu zuba jari sun kasa kunne, domin kuɗin ƙasar a ɗaure yake da dalar Amurka, abin da ke rage fargabar faɗuwar darajarsa. Amma sayar da wani ɓangare na kamfani daban ne da kawo masa kishiya. Kamfanin na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin shiga na gwamnati, kuma ba kasafai mai saniyar tatsa ke son a raba nonon da shi ba.

Bugu da ƙari, cunkoson wayoyi a mashigi ɗaya yana da nasa haɗarin. A watan Fabrairun 2024 wayoyi uku, wato SEACOM da EIG da AAE-1, suka katse a Bahar Maliya. Ana kyautata zaton ƙugiyar tsayar da jirgin dakon kaya mai suna Rubymar ce ta ja su, bayan mayaƙan Husi na Yaman sun harbe shi kuma ma'aikatansa sun bar shi yana yawo bisa ruwa. Gyaran ya ɗauki watanni, saboda sai da aka jira izinin shiga ruwan Yaman kafin jirgin gyara ya isa wurin.